Darasi na 9: Gwada Akwatin Bincike na Shagon Intanet

A darussan baya mun koyi ɗaukar hoton haja, rubuta mata suna da farashi, da ɗora ta a shagon intanet. Yau za mu tsaya kan ɗan akwatin nan da ke saman shafi, inda mai saye yake rubuta abin da yake nema. Yawancin masu buɗe shago ba sa waiwayarsa. Suna ganin tunda kaya na ciki, duk wanda ya nema zai samu. Alhali sau da yawa kayan suna nan jibge, mai saye ya rubuta, akwatin ya ce masa babu, ya kashe data ya tafi wani wuri, mai shago kuma bai ma san an zo ba.

Bayan wannan darasi ana so ɗalibi ya iya haɗa takardar gwaji da kansa, ya san manyan saitin da ke juya sakamakon bincike, ya kuma iya canza su ba tare da ya gyara nan ya ɓata can ba.

Me ya haɗa manomin Kadawa da wannan magana?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin gwamna Audu Bako, aka ja ruwa ta manyan kwatoci zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama sana'ar yankin. An tsara kashin farko na wannan aikin ban ruwa ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, duk nan ne gidansu. A Kwanar Gafan ake loda kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu, a Kura kuwa ƙarar injinan casar shinkafa ba ta yankewa. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, a shekarar ce kuma tsutsar nan da ake ce wa sharon ta cinye gonaki, har tumatir ya gagari talaka a faɗin ƙasa.

Ciniki a wannan yanki ya daɗe yana bin waya. Dillali yana Kwanar Gafan, mai saye yana kasuwar Mile 12 a Legas, su yi ciniki ba su ga juna ba. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya koya wa wanda bai iya ba tura kuɗi ta waya. Manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga suna aiki a Najeriya tun 2012, yanzu kuma ƙaramin ɗan kasuwa ma yana iya buɗe shagonsa da manhajoji irin su WooCommerce da Shopify. Mai shagon iri da taki a Kura, ko ƙungiyar mata masu turara shinkafa a Bunkure, idan hajarsu ba ta wuce kala 10 ba, mai saye zai duba da ido ya zaɓa. Amma da zarar ta kai kala 100 ko 200, babu mai haƙurin jan shafi har ƙasa. Rubutawa zai yi.

Abin da ke faruwa a bayan akwatin

Ku ɗauki akwatin bincike kamar sabon yaron shago wanda aka kawo daga wata ƙasa. Yana da sauri, ba ya gajiya, ba ya mantuwa, amma bai taɓa jin Hausar kasuwa ba. Abin da aka rubuta a jikin haja shi kaɗai ya sani, sai kuma abin da maigidansa ya zauna ya koya masa.

Idan mai saye ya rubuta kalma, manhajar tana duba wani kundi da ta haɗa na duk kalmomin da ke cikin sunan haja, bayaninta, rukuninta da alamomin da aka liƙa mata. Ta zaƙulo waɗanda suka dace, sannan ta jera su, wani a sama wani a ƙasa. Zaƙulowa da jerawa, waɗannan biyun su ne aikin, kuma kowanne yana da saitinsa. A Shopify akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Search & Discovery da ake yin wannan saiti da ita. A WooCommerce binciken da yake zuwa da ita ba shi da zurfi, akan ƙara masa wata ƙaramar manhaja. Sunayen maɓallai sun bambanta, aikinsu ɗaya ne.

Takardar gwaji

Kafin ku taɓa kowane saiti, ku samu littafin rubutu ku raba shafi gida huɗu a tsaye. A gida na farko, abin da mai saye zai rubuta. Na biyu, hajar da ya kamata ta fito a sama. Na uku, hajar da bai kamata ta fito ba sam. Na huɗu, abin da ya fito da kuka gwada, da kwanan wata.

Daga ina za a samo kalmomin gida na farko? Nan ne mafi yawa suke kuskure. Mai shago yana gwadawa da kalmomin da shi ya rubuta a jikin haja, su fito, ya ce komai lafiya. Dole su fito mana, ai shi ya sa su. Kalmomin gwaji daga bakin masu saye ake ɗauko su. Ku buɗe WhatsApp ɗinku, ku bi saƙonnin kwastomomi na wata uku da suka wuce, ku kwafo yadda suka rubuta harafi da harafi, har da kurakuransu. Ku tambayi yaron da ke tsayawa a shago da rana me manoma suke cewa idan sun zo. Kalma 30 ta isa a fara.

Misali, layi ɗaya zai kasance haka: an rubuta "kamfa", ya kamata takin NPK 15-15-15 ya fito a sama, bai kamata maganin feshi ya fito ba, abin da ya fito, babu komai. Ku bi duka 30 ɗin haka, ku ƙirga nawa suka ci. Wannan adadi na farko shi ne ma'auninku. Ba tare da shi ba, nan gaba ba za ku san ko kun ci gaba ko baya kuka koma ba.

Suna ɗaya a buhu, wani a baki

Saitin da ya fi kowanne amfani a wurinmu shi ne na kalmomi masu ma'ana ɗaya. Dalili kuwa, kusan kowace haja ta noma suna biyu ko uku gare ta. A jikin buhu an rubuta NPK, manomi ya ce kamfa. Irin shinkafar da takarda ta kira FARO 44, a gona sipi ake ce mata, wani ya rubuta "sifi", wani "faro44" a haɗe. FARO 52 kuma ita ce wita. Shinkafar da ba a cashe ba, wannan ya ce shanshera, wancan ya ce samfarera, ɗan kasuwar Legas ya rubuta "paddy". Busasshen tumatir kauɗa ne. Tumatir ɗin kansa za ku gan shi a "tumatur", "tumatiri", "timatir". Attaruhu, attarugu, tarugu. Mai saye daga Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci yana iya rubuta "chinkafa". Duk waɗannan sai an tara su rukuni-rukuni an shaida wa manhajar cewa abu ɗaya ne.

Sai dai a lura, haɗin iri biyu ne. Akwai mai tafiya da dawowa: kamfa da NPK, duk wanda aka rubuta ɗayan ya fito. Akwai kuma mai tafiya kawai: wanda ya rubuta "taki" yana da kyau ya ga kamfa da yuriya da sufa, amma wanda ya rubuta "yuriya" ya san abin da yake so, kada a jibgo masa duk takin da ke shago. Idan manhajarku ba ta da haɗi mai tafiya kawai, kada ku haɗa su a rukuni ɗaya. Ku sa kalmar "taki" cikin sunan kowannensu, ta wadatar.

Akwai kuma maganar ƙarshen kalma. An gina yawancin waɗannan manhajoji da Turanci a zuciya, sun san yadda jam'in Turanci yake. Ba su san cewa buhu da buhun da buhunhuna 'yan gida ɗaya ne ba, ko magani da maganin da magunguna. Ku sa irin waɗannan a takardar gwaji, ku ga yadda za ta kaya.

Haruffa masu lanƙwasa

Wannan matsalar tamu ce, mu masu rubuta Hausa, kuma ba na jin wani daga waje zai warware mana ita. Idan kun rubuta "ɗanyen tumatir" ko "gyaɗa" ko "maganin ƙwari" da rubutu mai kyau, kun yi daidai. Amma masu saye da yawa allon rubutun wayarsu na Turanci ne, "danyen", "gyada", "kwari" za su rubuta. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne mabambanta, kowanne da lambarsa, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Wasu manhajojin suna daidaita su da kansu, wasu ba sa yi, kuma ba za ku sani ba sai kun gwada. Ku gwada ta fuska biyu: haja mai lanƙwasa a neme ta babu lanƙwasa, sannan akasin haka. Ku haɗa da 'y, domin "'yar Hausa" da "yar Hausa" da "ƴar Hausa" duk za su zo muku.

Idan gwajin ya faɗi, kada ku cire lanƙwasa daga sunayen hajarku. Rubutun ya zauna daidai yadda mai karatu zai gani, ku zuba marar lanƙwasar a cikin alamomin haja ko rukunin kalmomi masu ma'ana ɗaya.

Yafe kuskuren rubutu

Manhajoji da yawa suna yafe wa mai saye idan ya kuskure harafi. Algolia, wani kamfani da ke sayar wa shaguna injin bincike, a saitinsa na asali yana yafe harafi 1 a kalma mai haruffa 4 zuwa sama, haruffa 2 a kalma mai 8 zuwa sama. Wannan alheri ne ga wanda ya rubuta "shinkfa" ko "albsa". Amma Hausa cike take da gajerun kalmomi da harafi ɗaya ya raba. Gero da goro. Tiya ta awo da tiyo na ban ruwa. Ranar da gero ya ƙare a shagonku, mai nemansa zai iya ganin goro a gabansa. Idan kun ga irin wannan a gwaji, ku ɗaga ƙa'idar zuwa haruffa 5, ko ku cire waɗannan kalmomi daga cikin waɗanda ake yafewa, in manhajar ta ba da dama.

Inda kuskure yake cin gona

Ina so ku ba ni hankalinku a nan, domin abin ya wuce asarar ciniki. Mu ɗauka manomi a Bunkure ya dasa shinkafa, ta yi sati uku, ciyawa ta taso. Ya shiga shagonku ya rubuta "maganin ciyawar shinkafa". Abin da yake bukata magani ne mai zaɓe, irin mai sinadarin furofanil, wanda yake kashe ciyawa ya bar shinkafa. A shagon kuma akwai gilaifoset, wanda ake fesawa kafin shuka, mai kashe duk koren da ya taɓa. A bayanin gilaifoset ɗin kun rubuta, da kyakkyawar niyya, cewa "yana share gonar shinkafa kafin dashe". Manhajar ta ga "magani", ta ga "ciyawa", ta ga "shinkafa", kuma da yake an fi sayensa, sai ta ɗora shi a sama. Manomin ya yarda da ku, ya saya, ya fesa. Bayan sati biyu gonar ta zama ja.

Ba manhajar ce za ta amsa tambaya a gaban mai gari ba, ku ne. Shi ya sa gida na uku a takardar gwaji, na abin da bai kamata ya fito ba, ya fi sauran nauyi a shagon kayan noma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: akwatin ya ce babu, ya nuna lambar wayar shago, ya fi ya miƙa abin da zai ƙone amfanin mutum.

Gyaran ta hanyar nauyin gurabe ake yin sa. Ana iya gaya wa manhajar cewa kalmar da ta fito a sunan haja ta fi wadda ta fito a bayani daraja nesa ba kusa ba. Sannan a rubuta sunayen a fili: "Maganin ciyawa mai zaɓe, na cikin shinkafa" da "Maganin ciyawa mai kashe duka, kafin shuka". Bayan haka a sake gwadawa da kowace irin jimla da manomi zai iya rubutawa. Haka za ku yi wa maganin ƙwari. Wanda ya rubuta "sharon" ko "tsutsar tumatir" kada ya ga maganin adana hatsi a rumbu.

Wa zai hau sama?

Mai saye a waya haja huɗu ko shida yake gani kafin ya ja shafi, don haka jeri yana da tasiri. Ana iya ɗaga wata haja ta riƙa fitowa a gaba. Ku yi amfani da wannan bisa kalandar gona: irin alkama wajen Oktoba da Nuwamba lokacin shuka, kwanduna da kauɗa idan tumatir ya yi yawa bayan sabuwar shekara, irin shinkafa kafin faɗuwar damina. Amma duk abin da kuka ɗaga, ku rubuta ranar sauke shi. Ina ganin rashin adalci ne a ɗaga haja don kawai ta fi riba alhali ba ita aka tambaya ba, kuma kwastoma yana ganewa da wuri.

Kayan da suka ƙare fa? Ko a ɓoye su, ko a tura su ƙarshe da alamar "ya ƙare". Ga kayan da ke dawowa kowace kaka na fi son na biyu, domin mai saye ya san kuna sayarwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ku mayar da adadin wata haja sifili, ku neme ta, ku ga inda ta faɗa, sannan ku maido da adadin.

Ƙa'idar gwaji

Canji ɗaya a lokaci ɗaya. Kun ƙara rukunin kalmomi? Ku tsaya, ku bi takardar gwaji tun daga layi na 1 har na 30, ba layin da kuka gyara kaɗai ba. Sau da yawa gyaran "taki" ne yake ɓata "yuriya". Idan kuka canza abu biyar a tare sakamako ya lalace, ba za ku san wanne ne mai laifin ba. Ku rubuta yadda saitin yake kafin ku taɓa shi, don ku iya komawa.

Ku ba manhajar lokaci. Wasu sai sun sake haɗa kundinsu kafin canji ya bayyana, abin da kan ɗauki mintuna. Kada ku yi gwajin a wayar da kuke shiga a matsayin mai shago, domin tana iya nuna muku abin da baƙo ba ya gani, ko ta nuna tsohon shafi da ta adana. Ku ari ƙaramar wayar maƙwabci, ku gwada a inda sabis yake da rauni, a bakin kwata ba a cikin gari ba. Mafi kyau ma, ku miƙa wa wani dattijo ko wata baiwar Allah da ba su taɓa ganin shagon ba, ku ce, "Baba, don Allah nemo mana takin da kake sa wa masara." Ku yi shiru ku kalli abin da zai rubuta. Kada ku taya shi.

Manyan shaguna suna raba masu ziyara gida biyu, rabi su ga tsohon saiti rabi su ga sabo, a kwatanta ciniki. Wannan sai da dubban masu ziyara yake ba da amsa ta gaskiya. Ƙaramin shago ya riƙe takardarsa.

Bayan an buɗe shago, manhajar da kanta za ta riƙa ba ku labari. Shopify tana da rahoton kalmomin da aka nema ba a samu komai ba, sauran ma suna da makamancinsa. Lissafinsa haka yake: a ce a wata ɗaya an yi bincike 200, guda 30 ba su fito da komai ba. A raba 30 da 200, a ninka da 100, an samu kashi 15 cikin 100. Ku duba waɗannan 30 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuna da kayan, suna ne ya bambanta, sai ku ƙara su a rukuni da kuma takardar gwaji. Wasu kuwa ba ku da su sam. Idan mutum 10 sun nemi tiyon ban ruwa mai inci 3 ba ku sayar da shi, kun san abin da za ku saro idan kun shiga Kano.

Aikin gida

1. Ku rubuta sunaye 3 da ake kiran wata haja ɗaya da su a kasuwarku, ku faɗi ko haɗinsu mai tafiya da dawowa ne ko mai tafiya kawai.

2. Ku kawo kalmomi biyu na kayan gona ko na abinci da harafi ɗaya ya raba su, ban da waɗanda aka ambata a darasi.

3. An yi bincike 350 a wani shago, 42 ba su fito da komai ba. Kashi nawa ke nan cikin 100?

4. Ku biyu-biyu, ku haɗa takardar gwaji mai layi 30 daga saƙonnin kwastomomi na gaske, ba tare da rubuta sunan kowa ko lambarsa ba. Wanda ba shi da shago tukuna ya gwada kalmominsa a kowane shagon intanet da ya sani, ya rubuta abin da ya fito.

Ku zo da littafin a zama na gaba, kowa da wayarsa da caji. Da takardunku za mu yi aiki a aji, kuma za mu fara da layukan da suka faɗi.